Malam Zacharias Baƙo da Makarantar da Kabarinsa Bai Ceta Ba

Haihuwa

An haifi Malam Zacharias Baƙo a shekarar 1951 a ƙauyen Gbazhi, bayan Karmo, tun Abuja ba ta zo ta same su ba. Mahaifinsa Baƙo manomin doya ne, mahaifiyarsa Ladi kuwa maginiyar tukwane.

Karatu, aiki da aure

Ya yi firamaren mishan, ya kammala kwalejin horon malamai a Minna a 1974, ya koyar a ƙauyuka daban-daban shekara ashirin da biyar. Ya auri Magdalene a 1978.

Kafa makaranta

A 1999, da mulki ya dawo hannun farar hula, birni ya cika da siminti da sababbin motoci, amma yaron Gbazhi yana gama firamare sai dako a Karmo. Malam ya ajiye aiki ya dawo gida. Dattawa suka ba shi fili da baki a gaban shaidu, aka dasa cediya a kusurwa huɗu don shaidar iyaka kamar yadda aka gada. Maza suka buga bulo da gayya, mata suka kwaso duwatsu daga rafi a kafaɗa, domin matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka. A 2001 aka buɗe Sakandaren Al'ummar Gbazhi da aji biyu.

Nasarori

Daga 2007 makarantar ta fara yaye ɗalibai. Ta fitar da malamai, ma'aikatan jinya, lauya guda, da mai awon ƙasa, Hassan Maliki, maraya, wanda ya girma a gidan Malam. Babu wani babban mutum da ya taɓa kawo ko alli.

Rikicin fili

A 2011 wani kamfanin rumbunan kaya na unguwar masana'antu ta Idu ya zo da takardar mallakar filin makarantar, daga mutanen da ba su taɓa taka Gbazhi ba. Wanda aka turo ya kafa turakun awo shi ne Hassan. Malam ya kama hannunsa ya kai shi gindin cediyar gabas.

"Baba, oga ba ya karanta bishiya," in ji Hassan.

"Kai fa? Kai ka riƙa ba ta ruwa."

Hassan ya sunkuyar da kai, ya buga turkensa. Shekara biyu Malam yana zarya ofis-ofis da takalmi ɗaya, yau a ce oga yana mitin, gobe a ce ya yi tafiya. Tsofaffin ɗalibansa da ke cikin ofisoshin nan suka daina ɗaukar wayarsa.

Rasuwa da jana'iza

Da hawan jini ya kwantar da shi, ya bar wasiyya a binne shi a tsakiyar filin taron safe na makarantar, domin a al'adarsu ƙasar da ta karɓi gawar dattijo ba ta komawa hannun bare. Ya gaya wa Magdalene cewa abin da ya kasa yi a tsaye zai yi shi a kwance. Ya rasu ranar 9 ga Oktoba, 2013. Fasto ya yi addu'a, liman ya halarta, ɗalibai suka zuba ƙasa.

Kamfanin ya aiko da ta'aziyya, ya jira hutun Kirsimeti, ya turo katafila. An rushe azuzuwan, an tumɓuke cediyoyin. Kabarin kuwa ba a taɓa shi ba. An zagaye shi da bulo, yana nan tsakanin rumbu da wurin ajiye tireloli.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Innocent, bakanike a Apo, Gift, wadda aka rushe makarantar tana aji biyar, ba ta kammala ba har yau, sai Abraham, wanda ya karɓi aikin gadi a kamfanin, domin ta nan kaɗai zai samu ya riƙa share kabarin ubansa.