Jan Fensir na Kuroiwa-san

Ƙarfe bakwai take jingina kekenta a bayan asibitinmu na Akita, a ƙasar Japan, ta hau bene da gorar shayin sha'ir da dunƙulen shinkafa biyu. Kafin kowa ya iso, Kuroiwa Fusae ta baje takardu a tebur, jan fensir a hannu. Shekara talatin da takwas ke nan tana kula da manhajar da ke lissafa wa marasa lafiya magani, wadda aka rubuta da tsohon harshen kwamfuta, COBOL. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ni a teburin karɓar marasa lafiya nake. 'Yata Kotone, mai shekara huɗu, tana da farfaɗiya, kuma manhajar nan ce ke auna mata magani.

Watannin baya aka ce a mayar da komai zuwa sabon harshe, Java. Injiniyan da aka ɗauko, Nagamine, ya sa na'ura ta juya layi dubu ɗari biyu cikin kwana uku.

"Kuroiwa-san, a ajiye fensirin nan a gidan tarihi mana," in ji shi. "Litinin za mu kunna."

"Gidan tarihin ba ya gudu, Nagamine-kun. Wa ya karanta abin da na'urarka ta haifa?"

"Wa zai karanta wannan tulin?"

"Ni, tsohuwa."

Ranar Juma'a ta sauko wurina ta ce in ba ta katin ƙaramin yaro a gwada sabuwar manhajar. Na miƙa na Kotone. Takardar da ta fito ta ce shekarunta talatin da huɗu, ga awon maganin babban mutum a ƙasa.

Ta ja wa Nagamine kujera. Shekarun haihuwarmu da zamanin sarki muke rubuta su, kuma a jerin zamunan da ke cikin manhajar, zamanin sarkin yanzu ne na ɗaya. COBOL daga ɗaya yake fara ƙirga, Java kuwa daga sifili. Da aka ce masa "na ɗaya", sai ya tsallake ya ɗauko zamanin da ya wuce. Kowane jariri ya ƙaru da shekara talatin.

Nagamine ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Ba ta yi masa gori ba. Fensir ta zaro daga aljihu ta ba shi. "Wata uku, ni da kai, shafi shafi."

Ta je gaban shugaban asibiti ta ce Litinin ba za ta yiwu ba, ta kafe har aka ɗaga. Irin wannan tuntuɓe goma sha bakwai suka tono.

Ke ce katangar da ba mu san muna jingine da ita ba, Kuroiwa-san. Ba ki taɓa riƙe allura ba, amma babu yaron garin nan da hannunki bai taɓa ba. Na gode, a madadin iyayen da ba za su taɓa jin sunanki ba.

Ku masu juya aiki daga harshe zuwa harshe, ku karanta kafin ku kunna, akwai 'ya'yan mutane a cikin layukan nan.

Jiya na karɓo maganin Kotone daga sabuwar manhaja. Shekara huɗu, awo daidai. Na hango Nagamine yana wucewa, jan fensir a bayan kunne.