Farar Riga a Adakar Mode

A zamanin da Nasara ke mulki, akwai wani maɗinki a kasuwar Boɗinga da ake kira Mode. Ba shi da keken ɗinki, da allura da zare yake neman abincinsa a wata rumfar zana kusa da masu goro. Yana ɗinka taguwa da wando, amma an fi saninsa da likkafani. In an yi rasuwa ko a Sifawa ne, wurinsa ake kawo alawayyo. Yana da ƙa'ida ɗaya da ya gada wurin mahaifinsa: ɗinkin mai rai a ƙulle bakin zare, na mamaci kuwa a bar shi sake, don ba a ɗaure mai tafiya.

Wata ranar kasuwa da damina, wani Bature ya sauko daga motar kaya. Ba hular kwano, ba ɗan doka a bayansa. Doguwar farar riga ce a jikinsa, ta yage a kafaɗa, ga wata babbar tasbaha rataye a ɗamararsa. Ya yi tambaya, aka nuna masa rumfar Mode.

Arzika mai goro, maƙwabcin Mode kuma abokin tsokanarsa, ya leƙo ya ce, "Mode, taso ka ga Nasara da tasbaha! Halama hisabi ya matso."

Baturen ya yi dariya, ashe yana jin Hausa. Ya tsuguna ya gaishe su yadda ya kamata.

Mode ya ce, "Kai ne Fada, limamin Kirista?"

"Haka mutane ke ce mana. Amma irinmu faraya ake kira."

"Mi ke nan?"

"Ɗan'uwa. Ba mu da mata, ba mu da gona, ba mu da gidan kanmu. Muna yawo, abin da aka ba mu shi muke ci."

Arzika ya ce, "To mu nan garin, mai wagga siffa matsiyaci aka ce mai."

Har Baturen aka yi dariyar. Sannan ya fiddo alawayyo da wani ya ba shi sadaka, ya ce a ɗinka masa riga irin ta jikinsa. Zai je Shagari, zai biyo ya karɓa kasuwa mai zuwa.

Mode ya auna shi da kamu, ya zauna ya yi aiki mai kyau. Sai da ya gama, yana bin ɗinkin da yatsa, ya lura da abin da ya yi. Tun daga wuya har ƙasa babu ƙulli ko ɗaya. Hannunsa ya ga farin alawayyo tsawon mutum, ya yi abin da ya saba bai shawarce shi ba.

Da mai riga ya dawo, Mode ya dube shi da kyau. Idanunsa sun yi rawaya, yana gumi alhali garin a lumshe yake. Rigar tana nan a ninke ƙarƙashin tabarma, amma Mode ya kasa miƙa wa mai rai ɗinkin mamaci. Ya sunkuyar da kai ya ce ba ta ƙare ba.

Baturen ya ce, "Ba komai, ɗan'uwa. In na sake biyowa." Ya hau mota da yagaggiyar rigarsa.

Bai sake biyowa ba.

Mode ya kai rigar gida ya sa a adaka. Matarsa Balaraba ta ce, "Malam, ka ƙulle zaren mana ka huta." Ya sha ɗaukar allura ya ajiye. In ya ƙulla, gani yake kamar yana gardama da abin da aka rubuta. In ya bari, kamar shi ya yanke wa mutum kwana. Ya je wurin Malam Ladan, limamin unguwarsu, ya tambaya ko zai iya sadakar da ita. Malam ya ce kwanan kowa yana hannun Allah, ba a bakin zare ba, amma amana amana ce ko ta wane ne, sai mai ita ko magajinsa.

To wane ne magajin wanda ya ce ba shi da kowa?

Damina ta yi ta zuwa tana wucewa. Kalmar faraya kuwa ta zauna a layin masu goro. Wanda ya zo kasuwa hannu sake sai a ce yau wane faraya ne. Shi kansa Mode, Arzika ya laƙa masa Mode Faraya, don duk motar da ta tsaya sai ya ajiye ɗinki ya je ya leƙa fuskokin masu sauka. Wani lokaci da rana tsaka yakan hango wani fari dogo yana tahowa ta hanyar Shagari, ya miƙe tsaye, sai ya ga makiyayi ne, ko kuma ba kowa. Duk likkafanin da ya ɗinka bayan nan, kafaɗar nan da ta yage yake gani.

Ana gab da tafiyar Nasara, wata mota ta tsaya shan ruwa, wani saurayin Bature mai irin waccan riga ya sauko. Mode ya tare shi, ya kwatanta masa mutumin. Saurayin ya ce ya san labarinsa. Ciwon shawara ne ya kashe shi jim kaɗan bayan waccan tafiya.

Mode ya ce, "Da mi anka rufe shi?"

"Da rigarsa. Mu rigar da muke sawa ita ce likkafaninmu."

"Yagaggar?"

"Ita kaɗai gare shi, Baba."

Mode ya dafa jikin mota. Ashe abin da ya dace da mutumin ya ɗinka masa, ya kuma hana shi. Arzika da ya biyo shi da tsokana a baki ya haɗiye abarsa.

Mode ya faɗi zancen amanar, ya tambaya wane ne magajin mamacin. Saurayin ya ce, "A wurinmu babu nawa babu naka. Abin ɗan'uwa na 'yan'uwa ne."

Mode ya roƙi direba ya dakata, ya je gida ya ɗauko rigar. Ta yi ja a wurin ninki, tana warin adaka. Saurayin ya miƙo hannu, Mode ya ce, "Tukuna. Zamna." Ya zare allura, ya bi bakin kowane zare ya ƙulle, ya sake ƙullewa a kai, direba na ta matsa ƙaho, shi kuwa bai ɗaga kai ba sai da ya kai ƙasan rigar. Sannan ya miƙa ta da hannu biyu.

Adaka ta zama wayam, Balaraba ta zuba kwanoninta a ciki. Amma Mode bai daina zuwa bakin hanya ba. Har ya tsufa, idanunsa suka daina ganin kafar allura, in mota ta tsaya yakan lallaba ya tambayi direba ko ya ga wani yaron Bature mai farar riga, ko lafiyarsa lau.