Kyamarar da ta cinye addu'ar Inna

"Inna, ɗaga murya, har tattaɓa-kunnenki za su ji ki!"

Haka mai ɗaukar hoton da Baba ya ɗauko haya daga Gusau ya riƙa ce wa kakarmu, ranar sunan ƙanena a Tsafe, a shekarun 1970. Tsohuwar kyamara ce, da hannu ake murɗa ta.

"To ɗan nan, matso da abin," in ji Inna. Ta zuba mana addu'a har ta dishe.

Jiya aka juyo mana fim ɗin a waya. Ga marigayiya tana motsi, tana dariya! Ihuna sai da ya fito da maƙwabta.

Amma shiru. Ashe kyamarar ba ta ɗaukar murya, kuma mugun ya sani!

Jama'a, wa ya iya karanta motsin leɓe? Ina so in ce amin.