Ranar da Kakata ta Kai Turmi Bayan Zaure

Bari in lissafa muku waɗanda ke zauren gidanmu ran nan, don har yau ina ganinsu. Akwai mai unguwa, akwai liman, akwai baffana ƙanen babanmu, sai tsohon da gonarsa ke iyaka da tamu, da babban ɗansa. A cikin gida kuwa, in ka cire ƙannena da aka kora waje, mu uku ne. Mahaifiyata tana ɗaki tana takabar babanmu. Sai kakata da ta haife shi, sai ni, ban wuce shekara goma sha ɗaya ba.

Ƙauyenmu yana can wajen Kuyello, a bakin daji. Bazara ce, ɗorawa ta nuna. Abin da ya tara mazan wata 'yar ƙasa ce a ƙarshen gonarmu mai itacen ɗorawa bakwai. Ɗan tsohon ya ce tasu ce, aro aka ba kakanmu. Baffa bai ga abin jayayya ba. A wurinsa, ƙasar da inuwa ta hana masara yi ba ƙasa ba ce. Namiji bai san ɗorawa ba sai ya ji ta a miya. Mu mun sani. Kalwarta mahaifiyata ke dafawa ta yi daddawar kai wa kasuwa, garinta muke damawa in rumbu ya ja baya, makubarta ake daɓe da ita. Babanmu ya bar mu mu biyar. In itatuwan nan suka tafi, abincinmu ya tafi.

A zamanin, mace ba ta shiga zaure ana yanke magana. In tana da ta cewa, sai ta ba namiji ya kai mata. Kakata ta tare baffa zai fita, ta ce ya gaya musu ƙasar tamu ce, ita shaida ce.

Ya ce, "Inna, ki bar wa maza wannan. Zaman lafiya da maƙwabci ya fi 'ya'yan itace."

Ta ce, "Zaman lafiyar za ka kaɗa wa marayun nan a miya?"

Ya zura takalmi ya wuce.

Turminmu a gindin rumbu yake zama. Kakata ta ce in mirgina shi har jikin bangon zaure. Ban tambayi dalili ba, ba a tambayarta. Ta zuba dawa, ta yayyafa ruwa, ta miƙo mini taɓarya guda, muka kama lugude. Mata kan yi waƙa a bakin turmi, ba mai kula su. Amma ita muryarta mai kauri ce, har sa'o'inta na yi mata tsiya wai ta ari ta mijinta ba ta mayar ba. Ta buɗe ta duka.

"Ɗorawa ta tsakiya, riƙe mini ajiyata,
ɗan farina na kwance a gindinki.
Kwana tara ya yi mini a duniya,
rafi ya kawo, maƙabarta na ƙetare,
ubansa na kwance da zazzaɓi.
Wa ya ɗauki fartanya ya haƙa?
Wa ya ce a sa shi a ƙasar ubansa?"

Taɓaryata ta kuskure ta bugi bakin turmi. Ta harare ni, na gyara. Ni dai na tashi na san babanmu ne ɗanta na fari. Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane nauyin abin ba. Macen wancan lokaci ko ɗan farinta na raye ba ta kama sunansa, ba ta nuna ta damu da shi, balle ta ambaci wanda ya mutu maza na ji. Shekara arba'in tana riƙe da wannan magana, ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba.

Ta sake maimaita baiti biyun ƙarshe, ba ta rage murya ba. Sai na ji ɗan tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, waƙar daka ce, mu ci gaba."

Tsohon ya ce, "Kai, rufe mini baki. Ni na haƙa. Ni na faɗa." Ya ƙara da cewa, "Ashe tana tune."

Mai unguwa ya ce liman ya shafa fatiha. Ɗorawa ta zauna a hannunmu.

Da suka watse baffa ya shigo yana huci. "Inna, kin tsinka ni a gaban mutane."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Surfe nake yi. Ko shi ma sai na ba ka ka kai mini?"

Yau dajin nan ba ya shiguwa. Mun tattaro mun dawo cikin Birnin Gwari, ban san ko itatuwan na tsaye ba. Inji ke surfe. Jikokina mata suna magana a waya duniya na ji, ba sa neman mai kai musu. Ban hana su ba, na ma ji daɗi. Sai dai ina saurarensu da kyau, in na ji wadda ta cika zuba nakan ce mata ta rage, ta san maganar da za ta faɗa a tashi daga zaure.

Kakata ba ta sake rera waƙar nan ba har ta koma ga Allah. Washegarin zaman nan dai, da ta idar da sallah, ta ɗora mini kwando, ta saɓa gora mai ƙugiya, muka nufi gona. Ta wuce itace uku ta tsaya a na huɗu. Ta durƙusa ta share busasshen ganye da tafin hannunta, wuri kaɗan, bai kai faɗin faifai biyu ba.

Ta ce, "Ga baffanki babba. Yi masa addu'a."

Na yi. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta, ta ɗaga gora sama.

"To tashi. Rana na yi, kwando bai cika ba."