Gayaunar Ɗalhatu Ɗan Doka

Ɗalhatu mutumin Dugabau ne, jikan makiyayan da annoba ta cinye wa shanu suka kama fartanya. Dogo ne, marar fara'a, kuma ba shi da daɗin zama. Bayan yaƙin duniya na biyu ya shiga aikin ɗan doka, aka ba shi kaki da jar hula da kulki, aka turo shi kasuwar Gwarzo.

A lokacin garin cike yake da yaran da aka kwashe ubanninsu zuwa haƙar kuza a Jos. Wasu sun dawo da tari, wasu ba su dawo ba. Ranar kasuwa sai yaran su riƙa shawagi tsakanin buhunan gyaɗa, su huda da ƙusa, su tara a riga. Aikin Ɗalhatu ya kamo, a kwantar, a zane. Abin da ya ƙona masa rai shi ne, gadon bayan da ya fasa da bulala a wannan kasuwar, shi zai sake fasawa a ta gaba, tun miki bai warke ba.

Ya sami Sajan Zailani, babbansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, kiwon ɓarayi muke yi da bulalar nan. Yau gyaɗa, gobe akuya, jibi mu kai su Kano a ankwa. Da an ba su abin yi tun yanzu, da mun huta."

"Kai Bafillace," in ji Sajan, "an ɗauke ka ka kama ɓarawo ne, ko ka shayar da shi? In nono gare ka, ka ba su."

Ɗalhatu ya tafi Mainika wurin surukinsa ya ari wata saura da ƙaya ta cinye. Kowane ɗan ƙauye ya san bambancin gandu da gayauna. Gandu na maigida ne, kowa ya noma, amfani ya shiga rumbunsa. Gayauna kuwa ɗan yankin da ake yanka wa yaro ne, ya noma, abin da ya fito nasa ne shi kaɗai. Ɗalhatu ya yayyanka saurar nan gayauna-gayauna, ya kafa wa kowane yaro turke a kan iyakarsa. Har da Gali, wanda ya fi kowa iya huda buhu.

Irin gyaɗar daga rumbun matarsa Barira ya fito, kuma ba ta bayar da daɗin rai ba. "Malam, maza na kawo wa matansu atamfa, kai ɓarayi ka kwaso mini," in ji ta. Ta auna dai tana mita.

Damina ta yi kyau. Yaran da ke da yabanya a gona suka daina zuwa kasuwa, don kowa na tsoron awaki su shiga tasa. Gidan waƙafi ya zama wurin ajiyar sirdi. Wannan ne ya dami Sajan, domin a Kano yawan kamu ake tambaya, ba wanda ya taɓa tambayar yawan waɗanda ba a kama ba.

Gyaɗa ta kusa cira sai wani Bature ya zo rangadi. Sajan ya bi da shi ta Mainika da hantsi, da gangan. Suka tarar da Ɗalhatu cikin kaki a bakin gona, yara sun duƙufa. Bature ya ja linzami ya tambayi gonar wane ne. Sajan, da yake shi ne tafinta, ya ce gandun ɗan doka ne, 'ya'yan talakawa yake sa wa aikin tilas.

"Gayauna ce," in ji Ɗalhatu. "Ka faɗa masa gayauna ce. Ko ƙwaya ɗaya ba tawa a ciki."

Sajan ya ce, "Turanci ba shi da gayauna. Gona gona ce."

Mutanen da suka kwashe ubannin yaran nan a mota suka kai su rami, yau su ne suke jin ƙyamar aikin tilas. Bature ya yanke hukunci daga kan doki: ba a yarda ɗan doka ya sa 'ya'yan mutane noma ba, a kori yaran, a kwashe amfanin a kai ofis. Yaran suka miƙe tsaye da fartanyu a hannu. Sun san inda gyaɗar da ta shiga ofis take ƙarewa.

Ɗalhatu ya ce, "Tambaye shi, dokar nan, ɗan doka kawai ta hana, ko kowa?"

Sajan ya tambaya yana murmushi. Aka ce ɗan doka.

Nan take Ɗalhatu ya cire jar hular, ya kwance ɗamara, ya tuɓe rigar, ya ɗora kulki a kai, ya ajiye a gaban dokin. Ya tsaya daga shi sai wando. "To ga ɗan dokanku nan a ƙasa. Ni surukin mai gona ne. Ku janye dokinku, yana taka wa Gali kunyar gyaɗa."

Yaran suka cire gyaɗarsu, kowa ya kai wa uwarsa. Barira ta yi wata ba ta yi wa Ɗalhatu magana mai daɗi ba, kuma tana da gaskiya, don tun daga ranar ba su sake ganin wadata ba. Wanda ya gaje shi a kasuwa ya cika gidan waƙafi, aka ƙara masa igiya.

Ba duka yaran suka shiryu ba. Gali ya girma ya saci jaki a Gammo, ya yi zaman kurkuku. Sauran sun zama manoma, kamar kowa. Ɗalhatu ya tsufa a Mainika yana noman aro, yana faɗa da duk wanda ya daki yaro a gabansa. Da ya rasu ba wani mai kaki da ya zo. Waɗancan yaran ne, da furfurarsu, suka haƙa kabarin, Gali ne a cikin ramin yana fid da ƙasa.