Tsvetana da Masu Rigar Gashin Akuya

Tsvetana Mincheva ta yi shekara goma sha tara a maɗaba'a kafin ta koma wani ƙaramin kamfanin fim ɗin zane a garin Pernik. Ba ta iya zane ba. Aikinta ta rubuta umarni a baƙin allo, kwamfuta ta yi ta fitar da hotunan fim ɗaya bayan ɗaya.

A Janairun bara suna haɗa fim kan bikin hunturu, wanda maza ke sa rigar gashin akuya da ƙararrawa su kori sharri daga gari. Kashi na bakwai na fim ɗin fitowar 'yan ƙauyen su Tsvetana ce, kuma mai jan gaba an zana shi ne daga hoton marigayi mahaifinta. A nan na'ura ta tubure. Sau goma sha ɗaya aiki na katsewa, ba bayani.

"Alhamis," in ji Radoslav, mai kamfanin. "In bai fito ba, na yanke shi."

Ran Laraba da hantsi ta jera hoton ƙarshe na kowace katsewa a kan tebur. Lambobin hotunan sun sha bamban, don haka ta koma ƙirga mutanen ciki. Talatin da ɗaya. Na gaba ma haka. Duk haka!

Ta ruga wajen Boyan mai zanen riguna, ta same shi yana shan kofi.

"Kai Boyan! Riga nawa ka yi?"

"Arba'in mana."

"Arba'in daban-daban? Ba ɗaya ka yi ka kwafa ba?"

"In kwafa? Haba 'yar'uwa! A ƙauyenku kin taɓa ganin mutum biyu da riga iri ɗaya? Kowa da hannunsa yake ɗinka tasa. So kike tsofaffi su jefe ni da ƙararrawa?"

"Shi ya sa! Na talatin da biyu na shigowa ƙwaƙwalwar na'ura ke cika. Gashin akuyarka ya shaƙe ta!"

"To sai a yi wa babanki aski."

"Taɓa shi ka gani, tsohon banza!"

Tana dariya ta koma kujerarta. A maɗaba'a launi ɗai-ɗai suke bugawa a kan takarda guda, sai ta bi wannan hanya. Ta raba masu rigar gashin gida uku, kowane da umarninsa, daga baya a ɗora su kan juna. Lambar hotuna ta kama hawa ba katsewa: 609, 612, 640. Boyan ya tsaya a bayanta yana ƙirgawa da ƙarfi, Radoslav ya baro abincinsa ya fito da cokali a hannu.

Ƙarfe huɗu da kwata na Alhamis suka kalli kashin. Arba'in cif suka gangaro, mahaifinta a gaba, gashi na tashi.

"Ba a yankewa," in ji Radoslav. "Maimaita mana."