Baba da Likitan Diyya

Baba aminin mahaifina ne tun suna makaranta a Kano, shi ya sa da na zo Amurka aikin nas, gidansa da ke garin Clinton ya zama gidanmu. Injiniya ne. Da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a wata ma'aikata can kudancin ƙasar, inda gwamnati ta taɓa sarrafa kayan bam ɗin nukiliya, su aka ɗauka su kwance tsofaffin injuna su share wurin. Ƙurar wani ƙarfe da ya shaƙa a can ta zauna masa a huhu, ta yi lamo, sai da ya tsufa ta taso masa.

A shekarar da nake magana, Baba ba ya kai kansa banɗaki sai an riƙe shi. Mai riƙon kuwa matarsa ce, Hajiya, ita ma da nata ciwon bayan. Ita ke masa wanka, ita ke jan tukunyar oksijin, 'ya'yansu duk suna nesa. Ina kallonta tana zubewa, kuma tsorona ɗaya ne, kada ta riga shi kwanciya.

A asibitinmu na ji cewa gwamnati na biyan irin su Baba diyya, har da kuɗin nas da za ta riƙa zuwa gida. Na baro Hyattsville, garin da nake zaune, da ɗokina kamar mai kai albishir. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce ba kowa. Ya ce to in zauna in yi lissafi da hankalina: Musulmi, haifaffen Nijeriya, wanda ya taɓa aiki inda ake harkar bam, yau kuma gwamnati na son ya faɗa mata ɗakunan da ya shiga da abin da ya taɓa da hannunsa.

"In kin ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi," in ji shi.

Haka muka yi watanni muna ja. Matar ofishin da ke taimaka wa masu neman diyyar ta kira shi, ya ce muryarta ta cika daɗi, da walakin. Ya hana a yi zancen kusa da waya. Ni ma ban tsira ba, don Hajiya ta tsegunta min ya tambaye ta kashi nawa za a yanka min. Wannan ta yi min ciwo ƙwarai, amma na haɗiye saboda ita. Ga shi kuma wasu kamfanoni suka fara kiran gidan suna tallan nas kyauta, ba mu san inda suka samo lambar ba. A nan ni kaina sai da na fara waiwaye, Baba kuwa har da murmushin wanda maganarsa ta fito.

Da ƙyar dai aka tabbatar ya yi aikin, aka tabbatar ciwon daga can ne. Saura likita ya duba shi ya rubuta irin taimakon da yake bukata a gida. Nan ne na fi jin tsoro, domin na san mutanenmu. Bahaushe ko yana bakin kabari ka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce maka.

Ranar, Baba ya sha babbar riga da turare, ya kafa hula. A ƙofar asibitin ya ƙi keken marasa lafiya, ya taka da ƙafarsa yana haki. Likitan ya tambaye shi jiki, ya ce lafiya lau, an gode Allah. Wanka fa? Da kansa. Yana faɗuwa? Bai taɓa ba. Likita na ta rubutu, Hajiya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Raina ya ɓaci, na juya harshe zuwa Hausa.

"Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da kuka faɗa shi zai rubuta, kuma nas ba za ta zo ba."

Ya ce, "So kike in yi wa Ubangijina butulci a gaban baƙo? Ko so kike su rubuta na gama amfani, su kai ni gidan ajiye tsofaffi? Na san inda zancen nan ya dosa."

Ni ma kuwa ba zan iya rantsuwa a kan abin da gwamnati za ta yi da takardar ba. Ana cikin haka robar oksijin ta zame masa daga hanci. Hajiya ta yunƙura za ta gyara, bayan ya riƙe ta a rabin tashi. Ta dafa bango, ta kasa miƙewa ta kasa komawa, tana cije leɓe don kada a ji. Baba ya daɗe yana kallonta. Da na zaunar da ita ta huta, sai ya ce ta je waje ta jira. Na tashi zan bi ta, ya ce ni in zauna in sa ido a kan abin da mutumin nan ke rubutawa.

Sai ya faɗa wa likitan, da Turancinsa mai kyau, idonsa a ƙasa. Ya ce sau da yawa fitsari na kufce masa kafin a kai banɗaki. Ya ce ya bar sallah a tsaye, yanzu a zaunen ma da hutu yake yi. Ya ce akwai ranar da shi da Hajiya suka zame tare a wurin wanka, suka kwanta a ƙasa su biyu, shi ba numfashi ita ba baya, har sai da ta samu ƙarfin rarrafawa. Ni da nake zuwa gidan kullum, ban taɓa jin wannan ba.

Nas ta fara zuwa bayan wani lokaci, ba kuma wanda ya kai shi ko'ina. Hajiya ta samu barci, ta samu zuwa nata likitan, har kumatunta suka ɗan dawo. Baba dai bai sake haɗa ido da ni ba. Har Allah ya karɓi abinsa, in na yi sallama a ƙofar ɗakinsa sai ya ja bargo ya juya wa bango fuska. Hajiya takan ce barci yake, ni kuma na san idonsa biyu.